Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ciyaman ɗinmu da kwamitin kasuwa: a ƙara ƙofa biyu a sabon banɗakin kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma ciyaman, ranka ya daɗe. Sarkin kasuwa da 'yan kwamitinka, Allah ya taimake ku. Ya aiki, ya jama'a, ya kuma muka ji da wannan zafi.

Ni tsohon duba-gari ne, a sashen lafiya na wannan ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya, da yawanku kun sanni, wasunku ma tare muka yi yawon ƙauyuka lokacin gangamin hana bahaya a fili. Na zaɓi in rubuto a fili kowa ya gani maimakon in zo sakateriya in yi raɗa a kunne, saboda maganar da zan yi irin wadda in aka yi ta a ɓoye ne sai a ce da wata manufa a ƙasa, ni kuwa ba ni da abin ɓoyewa a cikinta.

Na samu labari an amince a gina sabon banɗaki a kasuwarmu, na kuma taka na je na ga inda aka juye yashi da bulo a bayan 'yan hatsi, maginin ya nuna min zanen, ɗaki shida na maza, ɗaki shida na mata, katanga doguwa a tsakani, kowa da mashigarsa. Wallahi na ji daɗi, Allah ya saka da alheri, dan tsohon banɗakin nan ya daɗe da cika, in damina ta zauna warinsa har rumfar mahauta yake kaiwa. Roƙona guda ɗaya ne kuma tun ran gini ran zane shi ya sa na yi saurin rubutowa kafin a haƙa fandisho. A ƙara ɗaki biyu a gefe, kowanne da ƙofarsa da take buɗewa waje kai tsaye, katangarsa har rufi, da sakata ta ciki, kuma kada a rubuta maza ko mata a jikinsu. A rubuta banɗaki kawai. Duk wanda ya zo ya shiga shi kaɗai ya kulle ya biya buƙatarsa ya fito.

Tun kafin wani ya karanta rabi ya fara yaɗa abin da ban faɗa ba, ban ce a haɗe maza da mata ba. Ɓangaren mata ya zauna na mata, ɓangaren maza na maza, ni ma ina da mata da 'ya'ya mata da jikoki kuma bazan so su cire hijabi suna alwala wani ƙato ya faɗo musu ba. Ƙari nake roƙo.

Zan iya cika wannan wasiƙa da mutanen da kowa zai ji tausayinsu nan take, kuma gaskiya ne suna buƙatar ɗakin. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye 'yarsa ce take riƙe da shi, ta ina za su shiga, ita ba ta shiga na maza shi ba ya shiga na mata. Makauniya da ɗan jagoranta yaro namiji wanda ya fara tasawa. Magidancin da ya zo cin kasuwa da ƙaramar 'yarsa. Gurgu mai keke wanda matakalar nan uku da muka saba yi ta fi ƙarfinsa, sai ya sauka ya ja jiki da tafin hannunsa a kan abin da ku da ni ba za mu taka da takalmi ba. Matan da suke fama da yoyon fitsari, waɗanda ake kaiwa Jahun a yi musu aiki, kafin layi ya zo kansu ai suna fita kasuwa kuma suna buƙatar inda za su canza ƙyalle su wanke jiki ba tare da idon kowa ba. Doka ma tana bayan waɗannan, tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tuntuni. Amma in na tsaya a nan na yi muku rabin gaskiya. Waɗanda suka sa na ɗauki waya nake wannan rubutu su ne waɗanda ba a son a ambata, mata-maza da 'yan daudu, da duk wanda in ya doshi ƙofar maza a kore shi in ya doshi ta mata a yi masa ihu.

Bari in ba ku abin da idona ya gani, ba labari aka ba ni ba. Wata ranar kasuwa, ina bakin aiki lokacin, muna zagayen rumfunan abinci sai muka ji ihu daga wajen banɗakin mata, ana cewa namiji namiji. Kafin mu ƙarasa samari sun cika wurin, wani da sanda wani da dutse. Wadda aka ja waje yarinya ce da ba za ta wuce sha bakwai ba, da hijabinta da tallan gyaɗarta, daga wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Abin da ya faru shi ne ta cire hijabi za ta yi alwala wata ta ga gashi a haɓarta, da ta buɗe baki za ta yi bayani sai murya ta fito irin ta saurayi, shikenan magana ta ƙare babu mai sauraro. Har wasu suna cewa a tuɓe ta a gani. A tsakiyar kasuwa fa, ranka ya daɗe. Allah ya taimaka wata dattijuwa mai sayar da daddawa 'yar garinsu ce, ita ta faɗa kanta ta rufe ta da zaninta tana rantsuwa tana cewa a gabanta aka haife ta, a gabanta aka raɗa mata suna, mace aka ce kuma a mace ta tashi. Da ƙyar muka shigar da ita ofishin kasuwa. Ba kuka take ba, rawa kawai jikinta yake yi, kuma fitsarin da ta je yi a jikinta ta yi shi. Daga baya mahaifinta ya ce min tun daga ranar ko ƙofar gida ba ta ƙara leƙawa ba, makarantar allo ma ta daina.

Ni wannan yarinya ban ga laifin da ta yi ba kuma har yau ba a nuna min ba. Haka Allah ya halicce ta. Duk wanda ya yi aikin lafiya a karkara ko ya zauna da ungozoma ya san ana haihuwar jarirai da al'aurarsu ba ta fito sarai ta nuna mace ko namiji ba, wasu kuma sai lokacin balaga abin yake bayyana, a raini yarinya sai murya ta buɗe gemu ya tsiro, ko a raini yaro sai ƙirji ya fito. Sinadaran jiki ne da yadda halitta ta haɗu tun a ciki, ba maita ba ce ba baki ba ne ba kuma wani zunubi da uwa ta yi ba. Asibiti na iya taimaka wa wasu da magani ko aiki, amma talakan da ke neman na tuwon dare yaushe zai kai kansa babban asibiti a Kano ya yi ta sintiri, kuma kafin nan ai dole ya zaga kamar kowa.

Na san abin da za a fara cewa, wai wannan ajandar Turawa ce aka kawo mana. To Allah gafarta malamanmu na wannan gari su ne shaidata. Littafin Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukanmu, wanda aka rubuta a Masar sama da shekara 600 da suka wuce, da wace magana ya rufe? Da maganar mata-maza ya rufe, hunsa mushkil, yadda za a raba masa gado, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace, da alamomin da ake bi a gane inda ya fi karkata. Malaman fiƙihu sun tsara masa har inda zai tsaya a sallar jam'i, tsakanin sahun maza da na mata. Wato malaman da suka fi mu tsoron Allah sun zauna sun yi wa wannan bawa wuri a masallaci, sun yi masa kaso a dukiyar ubansa, mu kuma mun kasa yi masa wurin tsugunno a kasuwa. Wannan abin yana damuna ƙwarai. Babu Bature a cikin wannan magana, namu ne muka bari.

Maganar 'yan daudu kuma daban ce, kuma na san ta fi nauyi a kunne, ni ma ba zan yi kamar ban san hadisin da ya yi magana a kan maza masu kamanceceniya da mata ba, na sani, ba kuma ina neman a goge shi ba ne ko a canza wata doka. Wa'azi yana nan, malamai suna nan, kotu tana nan ga wanda ya yi laifin da za a iya tabbatarwa. Amma ku zo mu duba kasuwarmu yadda take. Wa yake dafa shinkafa da miyar da direbobi da 'yan dako da fatake suke ci a bakin tasha? Wa yake suyar kaji da wainar da ake layi a kanta? Kowa ya sani. Muna cin abincinsu muna cewa sun iya girki, kwamiti yana karɓar kuɗin rumfa a hannunsu duk sati ba a taɓa cewa kuɗinsu ba ya karɓuwa ba. Amma in ɗaya ya ɗauki buta ya nufi banɗakin maza sai yaran da ke zaune a bakin ƙofa su fara tafi suna kwaikwayon tafiyarsa, wani ya bi shi ya tura ƙofar da dama ba ta da sakata, wani ya watsa masa ruwa ta sama, akwai wanda aka taɓa tarewa a ciki aka yi masa dukan da sai da aka ɗinke masa leɓe kuma ko ƙara bai kai ba saboda ya san abin da za a ce masa. Na mata kuwa ba ya ma tunkara, kuma daidai ne kada ya tunkara.

To ina yake zuwa? Na tambayi ɗaya daga cikinsu, dattijo ne ma da furfurarsa, lokacin da nake duba rumfarsa na ga babu wurin wanke hannu. Ya ce min malam ni ranar kasuwa ba na shan ruwa, daga asuba har magariba, in kuma ciki ya matsa sai in zagaya bayan kududdufi. Mutumin da yake tsaye a gaban wuta wuni guda a watan Afrilu ba ya shan ruwa. Ko ba ka karanta lafiya ba ka san abin da wannan yake yi wa ƙoda da mafitsara. Bayan kududdufin nan kuma babu ruwa mai tsafta babu sabulu, daga can zai dawo ya sa hannu a abincin da ɗaruruwan mutane za su ci, ƙudan da ya sauka a can shi ne zai sauka a kan tsiren da ɗan sarkin kasuwa zai saya. A aikinmu abu na farko da ake koya mana kenan, mutum ɗaya in ya yi a fili gari duka ne ya ci.

Mai girma ciyaman, ka tuna wahalar da aka sha kafin Jigawa ta samu sunan da take alfahari da shi. A watan Oktoban 2022 aka ayyana jiharmu a matsayin ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, ƙananan hukumomi 27 gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya tun 2019 ta sa wa ƙasa wa'adin 2025, wa'adin ya zo ƙasa ba ta kai ba, mu mun riga mun kai. Ba da takarda aka samu wannan ba, da ƙafa aka samu, ƙauye ƙauye, muna tara mutane a ƙofar mai unguwa muna zagayawa da su har inda suke zuwa su gani da idonsu, muna roƙon magidanta su haƙa masai su yi masa murfi su ajiye toka ko sabulu a bakin ƙofa. Kuma ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, Jigawa da Kano da Bauchi suna cikin inda ta fi yin ɓarna, ni da hannuna na fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a gidajen da aka fitar da gawa biyu rana ɗaya. Ka'idar da muka yi aiki da ita ita ce kowa da kowa, ba a ce kowa banda wane ba. In muka gina banɗaki mai kyau da fenti da tayil amma muka bar wasu mutane suna zagayawa bayan kududdufi saboda ba su da ƙofar shiga, to sunan nan da muka samu a allon bakin titi kawai zai tsaya.

Muna jin yadda ake ta rigima a kan wannan a ƙasashen waje, a rediyo muna ji yara kuma suna nuna mana a waya. Su can akwai masu sauya jinsi, wanda aka haifa namiji ya koma rayuwa a mace ko akasin haka, akwai kuma waɗanda suke cewa su ba sa ɗaukar kansu mace ko namiji. A Amurka jihar Karolina ta Arewa ta yi doka a 2016 cewa a gine-ginen gwamnati kowa ya shiga banɗakin da ya dace da abin da aka rubuta a takardar haihuwarsa, aka yi ta ƙaurace wa jihar har manyan wasanni aka ɗauke, a 2017 suka janye wannan ɓangare. A Birtaniya kuma a Afrilun 2025 kotun ƙoli ta ce kalmar mace a dokarsu ta daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Rigimarsu ce, da tarihinsu da dokokinsu, ban kawo ta dan mu ɗauko ta ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne kusan duk faɗan a kan babban ɗaki ne da mutane da yawa suke shiga tare, wa zai shiga wa ba zai shiga ba. Ɗaki mai cin mutum ɗaya da sakatarsa ba a cika faɗa a kansa ba, jihar Kalifoniya ma tun 2017 ta ce duk irin wannan ɗaki a wuraren jama'a na kowa ne. Mu kuwa ba ma buƙatar Kalifoniya ta koya mana, a gidajenmu na ƙauye bayi nawa ne? Yawanci ɗaya ne, maigida da uwargida da yara da baƙo duk shi suke shiga, ka ga buta a bakin ƙofa ko zani a kan zana ka san da mutum, ka yi gyaran murya ka koma ka jira. Alhazanmu da suka hau jirgi zuwa Saudiyya su faɗa, banɗakin cikin jirgi an rubuta masa maza ko mata? Liman ya shiga ya fito hajiya ta shiga, ba wanda ya ce addini ya taɓu.

Wani abokina da na yi wa maganar ya ce ai ɗakin zai koma wurin lalata. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci dan ba wasa ba ce, kuma amsarta a wajen gini take da wajen tsari. Kada a kai ɗakunan lungu. A sa ƙofofinsu su kalli fili, daidai inda mai karɓar kuɗi yake zaune, duk mai shiga da mai fita a kan idonsa. Mutum ɗaya ke shiga, sai dai mara lafiya ko tsoho ko yaro da mai taimaka masa, wannan kuma ido ma ya isa ya gane. A sa fitilar sola a bakin ƙofa saboda 'yan kwana, masu zuwa tun daren jajiberin kasuwa. Mai niyyar ɓarna ba ya zuwa inda ake kallonsa ya biya kuɗi ya yi layi, kangwaye da bayan tasha sun ishe shi, kuma nan ɗin ne dai muke tura mutane yanzu in muka hana su ƙofa.

Tunda aikina ne bari in ɗan faɗi yadda ginin ya kamata ya kasance, injiniya ya gyara min in na kuskure. Faɗin ƙofa ya kai yadda keken guragu zai shige ba tare da an karkata shi ba, wajen santimita 90, kuma ta buɗe waje saboda in mutum ya faɗi a ciki a iya ciro shi. Maimakon matakala a yi gangare mai sauƙi. Ciki ya zama da fili yadda mutum biyu za su juya, a kafa ƙarfen dafawa a bango, ɗaya daga cikin ɗakunan a ɗaga mazauninsa saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa. Katanga har sama, tagar iska can ƙoli inda ba mai leƙe, dan rabin wulaƙancin da ake yi a tsohon banɗakin ta saman katanga ake yinsa. Sakata mai ƙarfi, kuma in ta lalace a gyara a ranar, ba a bar mutane suna tare ƙofa da ƙafa ba. Bututun iska ya zarce rufi a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Ramin ya yi nesa da rijiyar kasuwa aƙalla mita 30, wannan kada a yi sassauci a kansa ko wa ya zo da magana. A juya mazaunin kudu da arewa kada mai tsugunno ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Sai famfo ko randa da sabulu a waje. In kuɗin bai kai a ƙara biyu a kan sha biyun ba, a rage daga na maza, a yi musu wurin fitsari a madadin, amma dan Allah kada a taɓa na mata, layinsu ya fi tsawo ko yaushe kuma su ne masu goyo.

Amma bulo da siminti kaɗai ba za su yi ba, sarkin kasuwa wannan naka ne. Wanda za a ba amanar wurin a zaunar da shi a gaya masa aikinsa, ya karɓi kuɗi ya ba da ruwa ya tsaftace wuri. Ba aikinsa ba ne ya tambayi mutum kai mace ne ko namiji, ba aikinsa ba ne ya ƙare wa mutum kallo ko ya ninka masa kuɗi dan ya san ba shi da inda zai je. Zaman majalisar da samari suke yi a bakin banɗaki a tashe shi, ba wurin hira ba ne. Kuma a bar ɗakunan nan a buɗe ga kowa da gaske, dattawa su shiga, 'yan kwamiti su shiga, ni ma zan shiga, saboda in aka bari aka fara kiransu banɗakin 'yan daudu to an kashe su, yarinya irin waccan ba za ta taɓa dosar ƙofar da shigarta kaɗai zai tona mata asiri ba. Sirrin abin shi ne kada wanda ya ga ka shiga ya san dalilinka.

Ina roƙon limamanmu ma su sa baki, ko da jumla biyu ce a huɗuba. Mun taso muna jin labarin balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce ku ƙyale shi kada ku katse masa, da ya gama aka zuba guga na ruwa a wurin sannan aka kira shi aka yi masa nasiha a hankali. Mutumin da ya yi kuskure a wuri mafi tsarki ma an bar shi ya gama. Mun kuma san an hana mu yin bahaya a kan hanyar mutane da inuwar da suke hutawa, an ce abin da ke jawo tsinuwa ne, to wanda ya kori mutum daga banɗaki har ya je ya yi a gindin bishiya shi ba shi da kaso a ciki? Malamai ne za su amsa, ni tambaya na yi. Abin da na riƙe shi ne Allah ya ce ya karrama 'yan Adam, kuma yarinyar nan da dattijon nan 'yan Adam ne, a nan aka haife su, iyayensu muna gaisawa, in sun mutu mu ne za mu yi musu sutura mu kai su.

Na san bayan wannan rubutu akwai masu cewa tsohon nan an saye shi ko ya ruɗe. Babu ƙungiyar da ta aiko ni, ko sisi ban karɓa ba, fanshona nake ci da ɗan abin da gona ta bayar. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne ranar da aka ja yarinyar nan ina sanye da kakin aiki, ni ne hukuma a wurin, na rubuta rahoto a kan kwata da shara da naman da ya kwana amma ban rubuta ko layi ɗaya a kanta ba saboda ina jin nauyin abin da za a ce. Shekaru sun wuce abin bai bar ni ba. Yanzu ga bulo a ƙasa ba a ɗora ko ɗaya ba, gyaran zane bai wuce a ja layi huɗu da biro ba.

Ranka ya daɗe, ranar kasuwa mai zuwa in Allah ya kai mu zan kasance a wajen ginin tun da hantsi, da tef ɗin awo da ɗan zanen da na yi a takarda. In za a turo injiniyan ƙaramar hukuma da wakilin sarkin kasuwa mu tsaya tare da maginin mu auna gefen kudu, na ga akwai filin da zai ɗauki ɗaki biyun ba tare da an taɓa rumfar kowa ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Tsohon duba-gari, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan Jigawa.